Turaren Goggo a Ɗakin Tantancewa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kusa aika shugabar ma'aikatan jinya ta wani babban asibitin Makka ɗakin gaggawa ba, alhali aiki na je nema a ƙarƙashinta.

Na gama karatun jinya ke nan, asibitin ya buɗe shirin horar da sababbin nas-nas. Wanda aka ɗauka zai yi ta zagaya sassa a hannun manya har hannunsa ya faɗa, daga nan aiki ya tabbata. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa kamar a tashar motocin Muzdalifa. Da aka kira ni ganawa, Baba bai bar kowa a unguwarmu ta Mansur bai faɗa wa ba, har mai yi masa aski ya sani.

A gidanmu akwai Goggo Hajara, yayar Baba, wadda ta yi ƙuruciyarta a Chadi kafin ta iso Makka. A wurinta, mace ta je gaban manya ba ƙamshi daidai yake da ta je ba takalmi. Na san halinta, shi ya sa na ja mata kunne tun kafin in shiga wanka.

“Goggo, don Allah kar ki taɓa min abaya. Mustashfa ba a shiga da turare, dokar asibiti ce.”

“Kalas, na ji, 'yar nan,” in ji ta.

Ina fitowa na tarar da abayata da ɗankwalina a kife a kan kwando, kaskon turaren wuta na ta aikinsa a ƙasa. Ta kuma bi wuyan rigar da humra. Na buɗe baki zan yi magana ta ce, “Ɗan kaɗan ne, don kwarjini. Yalla, yi sauri, mota na jira.” Na shinshina, ban ji wani abin tashin hankali ba (wanda ya tashi a gidanmu hancinsa ya daɗe da yin ritaya). Ko da direban tasi ya sauke gilasai duka a zafin Makka, cewa na yi a raina na'urar sanyinsa ce ta lalace.

Ɗakin ganawar ƙarami ne, ba taga. Mutum uku ne a bayan tebur: wani likita, wata jami'ar ɗaukar ma'aikata, sai shugabar da kowa ke kira Sista, doguwar mace mai gilashi. Na amsa tambayar farko tiryan-tiryan, har na fara jin kaina. Ina cikin ta biyu Sista ta yi tari. Ta sake yi. Sai numfashinta ya fara fita da ƙara, ta shiga laluben jakarta.

Asma! Na gane nan take, kuma (Allah ya yafe min) har da ɗan murnata, ga dama ta samu in nuna abin da na iya. Na zagaya teburin da gudu, na rungumo kafaɗarta, na sunkuya fuskata dab da tata ina cewa ta ja numfashi a hankali. Tana ture ni, ni kuwa ina ƙara riƙe ta, don an koya mana mara lafiya yakan firgita. Har fifita na yi mata da gefen ɗankwalina.

Likitan ne ya daka min tsawa da Larabci: “Ke ce! Ƙamshinki ne! Fita waje!”

Na fito na tarar da sauran masu jiran ganawa duk sun ji. Wata har ta ɗan ja kujerarta baya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ƙafafuna suka nufi ƙofar fita da kansu. Amma da na tuna shekarun da na yi ina kwasar fitsari da amai a lokacin koyo, sai raina ya ɓaci. A ce kaskon turare ne zai kore ni daga nan? Ina!

Na shige banɗaki, na cire abayar da ɗankwalin na ƙulle a leda, na wanke wuya da hannuwa da sabulun asibiti har fatata ta yi zafi. Na roƙi wata nas ta ba ni rigar nan ta takarda mai ruwan ɗorawa da ake sawa a ɗakin masu cuta mai yaɗuwa, na ɗora a kan kayana na ciki, na rufe kai da hular tiyata har biyu. Haka na dawo ina ƙaras-ƙaras kamar ledar burodi, na ƙwanƙwasa, na tsaya daga bakin ƙofa.

“Ban gama amsa tambayata ba,” na ce.

Sista ta farfaɗo, abin shaƙarta na hannunta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce da dusasshiyar murya, “To, mai asma ya tashi a gabanki, mene ne na farko?”

“A raba shi da abin da ya tayar masa, Sista. Yau ni ce abin.”

Jami'ar ta kife fuska a kan tebur tana dariya. Daga bakin ƙofar na amsa sauran tambayoyin, ba wanda ya ce in shigo, ni ma ban nema ba.

An ɗauke ni. Har yau a sashenmu Bakhur suke kirana, wato turaren wuta, ni kuma ina amsawa da ƙarfi. Goggo kuwa ta rantse kwarjinin humrarta ne ya yi aiki, ta ce ma da na bari ta ƙara, da shugabanci za su ba ni.

Abin da na koya bai da yawa. Idan ka gane kai ne ciwon da ke damun mutane, ka ba su wuri su sha iska. Amma kar ka kuskura ka tafi gida.