Yadda Za Ka Binne Littafin Surukinka a Cikin Kwamfuta

Kai mai tsara littattafai a laburare, in surukinka ya buga waƙoƙi ya hana ka sakat, ga magani sha yanzu. Don Anacleto na laburaren garinmu ya gwada shi, shekarar da aka kwashe katunan bayanan littattafai daga akwati aka zuba a kwamfuta.

1. Ka fi kowa zumuɗin sabon tsari.
Wata malama ta zo daga Montevideo, babban birnin ƙasarmu, tana koyar da cewa kowane bayani da gurbinsa mai lamba: 100 marubuci, 245 sunan littafi, 650 abin da ya ƙunsa. Ma'aikata suna ta hamma, Anacleto kuwa har shayinsa na mate ya huce bai kurɓa ba. A kati kowa ya san rubutun hannunsa. Na'ura kuwa ba ta da hannun da zai tona shi.

2. Kada ka taɓa suna.
Ulises, mijin ƙanwarsa, kullum sai ya leƙo.
"Babban yaya, an saka ni?"
"Ga ka nan cif, mashahuri. Ciwon da Ya Ƙi Magani, ko ba shi ba ne?"

3. A gurbi na 650 ake aika-aika.
Waƙoƙin soyayya ne, amma Anacleto ya buga: shanu, cututtukansu. Ya koma gida yana fito.

4. Ka manta dalilin ƙirƙiro tsarin.
An yi shi ne don laburare ɗaya ya rubuta, saura su kwafa. Bayanin ya zaga ƙasa kaf. Makiyaya suka yi ta aron littafin in saniya ta kwanta ciwo. Saniya ba ta tashi ba, amma ƙarti suka sha kuka, wani ma ya je bikon matarsa.

5. Ka iya murmushi da nama a baki.
Ƙungiyar makiyaya ta kira Ulises, aka kayar masa da sa, aka gasa. Ya miƙe yana share hawaye.
"Yayana kaɗai ya san inda masu karatuna suke. Anacleto, taso, kai za ka karanta mana!"
"Maƙogwarona..."
"A ba shi ruwa!"
Haka ya karance littafin a tsaye, gasasshen namansa na sandarewa.

In ka bi matakan nan, babu ruwana, kada ka zo ƙofata. Ulises dai ya gama littafi na biyu, ya ninka na farko kauri, kuma ya rantse babu mai shigar da shi kwamfuta sai Anacleto.