Ta Rasu Tsakanin Masu Gadi Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma guntun haushin da tsufa ya kasa narkarwa, maigidan nan, tsohon mai gyaran rubutu a maɗaba'a, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta rasuwar kwamfutar gidansa. Ta cika ne a kan teburinta na falo, gefen taga, bayan doguwar jinya da gajeren ganganci.

Marigayiyar ta shigo gidan nan da ƙuruciyarta, a cikin kwali, rungume a hannun maiɗakinsa, wadda ta ƙi yarda ɗan dako ya taɓa ta. Ita ta zaɓa mata wuri, ta ɗinka mata rigar ƙura da ragowar labule, ta kafa dokar cewa ba a ajiye kofin shayi kusa da ita. Maiɗakin ta riga ta barin duniya da wasu shekaru. Dokar kuwa ba a taɓa karya ta ba.

Waɗanda suka zauna da marigayiyar za su shaide ta da haƙuri. Ta koya wa yaran gidan rubutu da yatsa biyu. Ta ɗauki takardun neman aikinsu, na waɗanda suka samu da na waɗanda har yau suke jira. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa katse mutum yana magana ba, kuma a duk cikin masu shigowa falon nan ita kaɗai ce ba ta taɓa ba maigidan shawarar ya ƙara aure ba. Da safe idan aka danna ta, sai ta ce “tiit” sau ɗaya, fankarta ta biyo baya da “furrr”, kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba.

Babban halinta dai shi ne riƙon amana. A cikinta akwai wani ɗan gajeren bidiyo da maigidan ya ɗauka ranar da aka sayi sabuwar kyamara. Da yake karatu ya iya ba ɗaukar hoto ba, babu abin da ya fito a ciki sai rufin ɗaki da gefen fitila. Amma akwai murya. Daga ƙasan hoton, inda ba a ganin kowa, ana jin maiɗakinsa tana cewa, “Malam, ka karkatar da abin. Rufi kake ɗauka! Ni ina nan ƙasa, bawan Allah.” Sai dariya, sai ƙarar cokali a kofi, shi ke nan. Hotunanta suna da yawa a gidan, a bango da cikin akwati, duk sun yi shiru. Wannan ne kaɗai wurin da take magana. Kowace safiya marigayiyar takan buɗe masa shi ba tare da ta tambayi dalili ba, abin da babu ɗan Adam ɗin da ya iya yi.

Game da ciwon ajali, an yi ta yaɗa maganganu a dangi, don haka maigidan ya ga ya kamata ya gyara rubutun, tunda sana'arsa ke nan.

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta fara lura cewa marigayiyar tana zaune ba tsaro. Ta ce cutar kwamfuta, wadda ake kira bairos, ba ta sallama kafin ta shigo. Ta saya mata manhajar tsaro ta kuɗi, irin wadda ake sabuntawa duk shekara, tana mai cewa duk abin da aka ba ka kyauta akwai inda za a fanshe. Ta saka, ta koma bakin aikinta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga surukinsa, mijin autarsa, mutumin kirki mai ra'ayi a kan komai, daga taya har taurari. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya nemi izinin duba kwamfuta. A ganinsa masu sayar da manhajar tsaro tsoro suke sayarwa, kuma ta kyauta tana yin duk abin da ta kuɗi ke yi, ban da tatsar mutane. Bai san an riga shi ba. Maigidan kuwa ya dubi yaron nan da ya baro shagonsa ya hau mota biyu don ya yi wa surukinsa hidima, ya ji nauyin ce masa yayar matarsa ta riga ta gama aikin. Ya sa masa albarka. Haka ta kyauta ta shiga ta tarar da ta kuɗi a ƙofa.

Maigidan ya karanta tarihin garuruwa da dama da aka ci da yaƙi, kuma ya lura yawancinsu ba ƙarfin maƙiyi ne ya ci su ba. Sai ga shi ya gani a falonsa. Mai gadi na farko, wato manhajar kuɗi, ya ce na biyu ɓarawo ne. Na biyu ya ce na farko ne ɓarawon. Daga safe zuwa yamma suna kama juna suna tsarewa, kowanne yana turo jan gargaɗi a fuskar marigayiyar, “ɗin! ɗin!”, yana neman a ba shi izinin kashe ɗan'uwansa. Jikinta ya yi zafi. Fankarta ta koma nishi. Abin da take buɗewa kafin shayi ya huce, sai ta kai shayi na biyu. Duk wannan maigidan ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne ranar da muryar ta fara sarƙewa, ta tsaya a kan “Malam, ka kar… kar… kar…” kamar mai neman numfashi. Ya taɓa jin maiɗakinsa tana neman numfashi a gadon asibiti, kuma bai yi niyyar sake ji ba.

Aka kira taron gaggawa. 'Yar ta ce a cire ta kyauta. Surukin, cikin ladabi, ya ce a cire ta kuɗi. Auta ta tsaya tsakanin yayarta da mijinta tana kallon ƙasa. Da yake gidan mutunci ne, ba a so wani ya tashi da kunya, sai aka yi sulhu irin namu: aka kashe duka biyun, na ɗan lokaci, har a yi shawara. A taron ne kuma aka yarda, baki ɗaya a karon farko, cewa ya kamata a kwafi bidiyon a ajiye a wani wuri saboda tsaro. Surukin ya zaro filas daga aljihunsa, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Filas ɗin ya yi yawo a duk shagunan buga takardu na kasuwa. Da shi cutar ta shigo, ta tarar da ƙofa a buɗe da masu gadi biyu suna hutawa.

Washegari marigayiyar ta tashi, ta yi “tiit” ɗinta kamar kullum, amma ba ta gane kowa ba. Duk abin da ke cikinta an kulle shi an sauya masa suna, har da kwafin da ke kan filas. A fuskarta ga saƙo daga mutanen da ba su da suna, cike da kurakuran rubutu, suna neman fansa. Mai gyara na bakin titi, da aka kai masa ita a mota an riƙe ta a cinya, ya ce da yawa sun biya ba su ga mabuɗi ba. Ya ce zai iya wanke ta tas, ta tashi garau ta fi da sauri, sai dai ba za ta tuna komai ba. Maigidan ya gode masa. Yana da na'urori masu sauri a gida waɗanda ba su san kowa ba, ba ya bukatar ƙari.

Ta rasu ta bar firinta guda, na'urar buga rubutu mai ciwon cin takarda, wadda ba a sa ran za ta daɗe bayanta. Ta bar linzaminta na nuni da allon rubutu wanda harafinsa na farko ya goge saboda hidima. Ta bar lasifika biyu da yanzu ba su da abin faɗa. Ta kuma bar tsoho ɗaya, wanda har yanzu yakan ja kujera gaban teburin da safe kafin ya tuna.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi a shagon mai gyara, inda za a raba sassan jikinta ga mabukata. Faifan ajiyarta kaɗai za a dawo da shi gida, domin mai gyaran ya ce wani lokaci, bayan shekaru, akan gano mabuɗin irin wannan kulle. Bai yi alkawari ba. Za a naɗe faifan a mayafin maiɗakin a sa a saman kabad, su jira tare.

Za a karɓi gaisuwa a falo bayan an dawo. Ana roƙon masu zuwa su bar ra'ayinsu kan ta kyauta da ta kuɗi a bakin ƙofa tare da takalmansu. Kada kowa ya ɗaga wa surukin murya, ya yi kukan da ya ishe shi. Kada kuma a kawo sabuwar kwamfuta.

Abu ɗaya iyalin ke nema a madadin ta'aziyya. Duk wanda ke da tsohuwar waya a durowa, ko kaset, ko bidiyon wani taro da aka manta da shi, ya daure ya saurara da kyau. Ba sai maiɗakin ta fito a hoton ba. Ko daga bayan mutane aka jiyo ta, ko tana ciniki, ko tana yi wa wani yaro faɗa ya sauko daga kan kujera, a kawo. Maigidan zai gane ta daga kalmar farko.