Yaƙin Sallau da Balan-balan

Wannan tarihin Sallau mai gyaran rediyo ne, ɗan Barau mai agogo, jikan Mati wanda ya fara kunna tocilan a Malumfashi har karnuka suka yi hijira. Sallau garnaƙaƙi, sarkin dalma, mai gwada batir da harshe, wanda in fis ya ƙone ba ya sayen sabo, waya yake laƙa masa ya ce Allah ya kiyaye.

Asalin fitinar, a teburin Gambo mai shayi ya bugi ƙirji ya ce zai ciro ƙwayar leza, mai jan hasken nan da ke karanta faifai, daga cikin mataccen DVD, ya ɗaura ta a gangar tocilan, ya fasa balan-balan da haskenta daga tsallaken titi. Ilu mai gyaran waya, abokin gabarsa, ya ce in ya kasa, a sauke allon nan na saman shagonsa mai cewa INJINIYA. Aka shaida.

DVD uku ya farke. Ƙwaya ta fari ya ba ta wuta kai tsaye daga batir, irin tarbiyyar gidansu, ta yi walƙiya ɗaya ta riga mu gidan gaskiya. Ta biyu ma ko sallama ba ta yi ba. Saura ɗaya tal, ita da allo.

Nan fa jarumi ya zauna majalisar yaƙi, don ya gane ƙwayar nan haɗamammiya ce, duk wutar da ta samu sai ta shanye ta mutu, dole a sa mata fanel mai auna mata rabo. Sadaukai suka bayyana a kan tebur. Fanel ɗin tsohuwar caja ya zo da alfahari, aka ɗora masa mita, allura ta yi tsalle kamar an taka wutsiyar mage, aka jefa shi kwata. Na tocilan ɗan Sin ya kashe ƙwan gwaji nan take. Sai wani ƙanƙanin regileta mai daidaita wuta, mai ƙafa uku, baƙi, mummuna, da rizisto ɗaya mai rage mata ƙarfi a bayansa. Aka gwada shi sau bakwai, allura ba ta motsa daga inda aka ce ta tsaya ba. Sallau ya naɗa shi Madawaki, ya liƙe da dalma.

Ranar Laraba bayan azahar runduna ta taru. Gambo ya hura balan-balan ya ɗaure a jikin turke a tsallaken titi.

"Kowa ya koma bayana!" in ji Sallau. "Wanda ya leƙa bakin abin nan, idonsa ne, ba nawa ba!"

Ya danna makunnin tocilan. Ƙwaya ta rayu! Wani jan ɗigo kamar cizon sauro ya sauka a tumbin balan-balan.

"Fashe, ɗan banza!" in ji Sallau.

Bai fashe ba. Hannu ya gaji, aka tallafe shi da benci. Masu kallo suka tafi la'asar suka dawo. Balan-balan dai ya yi ta tsiyayar iska ta wurin ɗaurin Gambo, ya yamutse, ya langaɓe a jikin turke.

"Ya miƙa wuya!" in ji Sallau.

"Fasawa ka ce, Malam," in ji Ilu, ya tafi aron tsanin sauke allo.

Gambo ya yanke hukunci: balan-balan bai fashe ba, bai kuma tsira ba, don haka allo zai sauko amma ba zai bar shagon ba. Aka sauke allon, aka jingine shi a ƙasa bakin ƙofa. Yana nan har yau, sai ka sunkuya kake karanta shi.