Larabar da Na Koro Yaran Unguwa Zuwa Lakwal

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar farko da ɗiyata Dije ta yi a lakwal, wato makarantar boko. Har yau in na tuna, sai in ja gyale in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni karatuna bai yi nisa ba, ina aji biyu aka cire ni na koma bin awaki a Korahane. Shi ya sa na ƙudura a raina, abin da ban samu ba Dije sai ta samu. Ranar buɗe lakwal darakta ya tara iyaye a gindin bedi, ya ce doka ce, yaro mace ko namiji dole ya yi karatu, lokacin shiga aji ma gwamnati ta tsara shi, safe da marece. Wanda ɗansa ke fashi za a kira shi, in abin ya yi yawa yaron ya rasa gurbinsa. Daidai nan goyona ya tsala kuka, na zagaya bayan katanga in ba shi nono. Sauran jawabin ban ji ba. (Ban kuma tambayi kowa ba, kada a ce baƙauya ba ta gane.) Ni kuwa in aka ce "za a kira", jandarma kawai nake gani a ƙofar gida.

Litinin lafiya, Talata lafiya. Laraba da rana Dije ta dawo, ta tuɓe riga, ta miƙe bisa tabarma kamar wadda ta gama aikin gwamnati. Wai Madam, malamarsu, ta ce kada su dawo da marece.

Na ce, "Ke, ni za ki yi wa wannan? Kafin a haife ki na san wannan ƙaryar."

Ta rantse, ta yi kuka. Kakarta ta ce in ƙyale mata kishiya ta huta, ban saurara ba. Na wanke ta, na shafa mata mai har tana ƙyalli, na saɓa goyo, muka fita.

A ƙofar gida sai ga yaran maƙwabta suna ta wasa cikin rairayi, babu mai ko takalmi. Ashe unguwar gaba ɗaya za a kwashe! Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na zari karan hatsi. Duk wanda na san ɗan lakwal ne na sa shi gaba. Suna cewa yau babu, ina cewa bakinku ɗaya. (Kiwon da na koya bai tashi banza ba, ko ɗaya bai ɓalle mini ba.) Mai shayin bakin hanya ya tambaye ni ko kasuwa zan kai su, na ce ya jira sammacinsa, har da ɗansa a ciki.

Da muka isa, filin lakwal shiru, sai wani jaki a inuwa. Ajujuwa duk a kulle, ɗaya ne kawai a buɗe, ana magana ciki. Na ce shi ke nan, an fara babu mu. Na tura garkena ciki, na bi bayansu, na durƙusa tun daga ƙofa kaina a ƙasa, na kira malami da Mushe yadda yara ke yi.

"Mushe, don Allah a yi haƙuri da lattin nan. Kada a soke sunan Dije, ni ce ban fito da ita da wuri ba."

Na ji shiru ya yi yawa, na ɗago. Manya ne zaune a bencin yara, gwiwoyinsu sun tokare tebur. Malamai ne, har da na garin Ɗan Gulbi, ga darakta, ga Madam ɗin Dije ta toshe baki da gefen mayafi. A gaban allo wani dattijo ne da alli a hannu, sufeton makarantu ya zo yi musu bita.

Darakta ya ce, "Uwar Dije, ba na faɗa ba ranar taro? Laraba da marece babu karatu. Dokar da ta ce su zo, ita ta ce su huta."

Ajin ya kwashe da dariya. Dije ta dube ni ta ce, "Inna, ba na hwaɗa miki ba?" Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sufeto, yana share hawaye, ya ce gurbin Dije na nan daram, ya kuma tambaya ko zan yarda a ara ni ƙauyukan da yara ba su zuwa. Aka raba wa yaran guntayen alli, suka fito da gudu suna murna, ni ina biye, karan hatsi ɓoye cikin zane.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Matan suka raɗa mini Sufeto, har maigida da ya dawo daga Tagriss sai da ya sara mini a ƙofar ɗaki. Dije yanzu tana aji huɗu, ita ke karanta mini saƙon waya.

Abin da na koya? In ana jawabi goyo ya yi kuka, ki ba shi nono nan inda kike zaune. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, tawa kuwa kowace Laraba sai an aiko yaro ya tambaye ni ko yau akwai lakwal.