Ni da Zomayen Madam Odil

Ba zan taɓa mantawa da ɗakin zomayen Madam Odil ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Yanzu ina zaune a Arlit na yi ritaya, jikoki na ganina da farin gemu suna zaton haka aka haife ni da natsuwa. Ba su san kakansu ya taɓa yin kokawa da zomo a kan karas ba, sanye da kwat, a gaban manyan mutane.

A ƙarshen zamanin Faransawa ne, lokacin babu Arlit, babu alamarta, sai duwatsu da iska. Babana mai raƙuma ne daga wajen Gugaram, shi yake yi wa wasu Turawa jagora suna yawo da wani ɗan akwati mai kuka kamar gyare, suna kara shi a jikin duwatsu, wai ma'adini suke nema. Ni kuwa ina lakwal, wato makarantar boko, a Agadas. (Da aka zo neman yara, Baba ya ɓoye yayyena masu ƙarfi ya miƙa ni, don ni ne ba na tsinana komai wajen kiwo.) Ɗaya daga cikin Turawan nan ya ji Faransancina ya yi masa daɗi, ya shiga ya fita har aka amince in je Faransa in yi shekara guda ina karatu, in zauna gidan 'yar'uwarsa, ita ce Madam Odil.

Sai na ɗan yi muku bayanin yadda aka tarbiyyantar da mu, in ba haka ba za ku ce wauta ce tsagwaronta. A wurinmu saurayi ba ya tauna a gaban babba. Manya ma idan za su ci, ƙarƙashin amawali suke kai loma, ba ka ganin bakinsu. Idan baƙo ya zo, a ajiye masa kwano a fita a ba shi wuri. Idan kuma aka ce maka bismillah, ka ce alhamdulillahi ka ƙoshi, mai gida ya sake, ka sake ƙi, ya haɗa ka da Allah, sannan ka miƙa hannu kamar an tilasta ka. Wanda ya amsa tun a karon farko, to har ya yi aure ana ba da labarinsa. Da wannan ilimi na sauka ƙasar mutane, ina ji da kaina.

Garin ƙarami ne, da kogi a tsakiyarsa, ruwa na ta wucewa ba mai ɗiba, ni kuwa in tsaya kan gada ina jin takaicin asarar. Lakwal ba ta ba ni wahala ba. Yara sun taɓa gashina suka gaji, suka tambaye ni ko na taɓa ganin zaki, na ce sau da yawa (ban taɓa ba), daga nan muka zama abokai. Lissafi kuwa na fi su. Wahalata duk tana gida, kan teburin cin abinci.

Maigidan, Musye Rene, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sa'an babana, da gashin baki kamar tsintsiya. Shi aka zaunar daf da fuskata. Mutumin nan yana tauna, yana magana, yana kallon cikin idona, duk a lokaci guda. Madam ta riga ta ji cewa ba na cin alade, don haka ranar farko naman rago ta dafa da dankali, ƙamshinsa har yau yana hancina. Na karkata fuska gefen bango, na yi loma biyu da sauri kamar ɓarawo, na ajiye cokali.

Ta ce, “Za ka ƙara?”

Na sunkuyar da kai na ce, “A'a Madam, na gode, na ƙoshi.”

Sai ta ɗauke farantin.

Na zauna ina jiran ta dawo ta sake tambaya. Ta dawo da cuku, ta tambaya sau ɗaya, na ƙi, ta ɗauke. Ta kawo tuffa, na ƙi, ta ɗauke. Na bi kwanon da ido har ya shige kicin. A raina na ce ƙila yau gajiya ce ta sa ta manta, gobe za ta gyara. Gobe ta zo, ba ta gyara ba.

Haka muka yi ta tafiya. Ni ina nuna tarbiyya, su suna ɗauke faranti. Wandon da aka ɗinka mini a Agadas ya fara zamewa, sai da na ƙara huda a bel da ƙusa. A aji cikina ya riƙa kuka har yaron da ke kusa da ni ya duba ƙarƙashin benci. Za ku ce me ya hana in buɗe baki in ce ina jin yunwa? Ai wannan ita ce maganar da ɗan mutunci ba ya furtawa. Na gwammace a tsinci gawata da in faɗe ta.

Ana nan sai na gano ɗakin zomaye. Wata 'yar rumfar katako ce a ƙarshen lambu, inda Musye Rene ke kiwon zomayensa, yana alfahari da su kamar yadda Baba ke yi da raƙumansa. A kusurwa akwai buhun busasshen burodi da Madam ke tarawa daga maƙwabta, da kwandon karas da ganyen kabeji. Nan take na ce daga yau ni zan riƙa ba su abinci. Madam ta ji daɗi ƙwarai, tana gaya wa maƙwabta, “Kun gani, ɗan makiyaya ne, ba ya iya rabuwa da dabbobi.”

Gaskiya na ji daɗin rumfar nan, ba zan ɓoye ba. In rufe ƙofa, in tsuguna, in juya mata baya, in yi bismillah. Burodin ya yi tauri kamar cukunmu na gida da ya shekara a jaka, sai ka jiƙa shi a baki kafin ya ba da kai. Warin ciyawa da kashin dabba ya riƙa tuna mini zangonmu, har wani lokaci in tsinci kaina ina yi wa zomayen magana da yarenmu na Tamajak. Rabon kuwa ina yin sa da adalci gwargwadon hali: su ganye, ni burodi, karas mu raba.

Ni dai na samu abin da ke riƙe raina, amma ban yi ƙiba ba, zomaye kuma suka fara ramewa. Madam ta shiga damuwa. Ta dafa shinkafa, na ƙoshi. Ta hau jirgi zuwa babban gari ta sayo kuskus wajen wani Balarabe, ta wuni tana turarawa, na yi loma uku na ƙoshi. Ina ganin fuskarta tana faɗuwa, amma a tunanina laifinta ne da ba ta iya karɓar baƙo ba.

Wata ranar Alhamis ta zaunar da ni ta ce, “Yaro, direktan lakwal zai zo cin abinci ranar Lahadi. Ya ce in ba ka ci, dole a maida kai gida kafin sanyi ya yi ƙarfi, kada ka mutu a hannunmu. Idan ba ka son gidanmu, ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba.”

Ina son gidan kamar me. Ina son lakwal, ina son kogin, ina son ta ita kanta. Na hango kaina an sauke ni a Agadas da akwatina, karatu ya ƙare, ana nuna babana ana cewa ga wanda aka koro ɗansa. Tsoro ya kama ni sosai. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Lafiya lau Madam, ina ci.”

Lahadi ta zo, aka sa mini kwat. Direkta dattijo ne mai sanƙo da tabarau. Wato maimakon babba ɗaya, yau biyu ne a gabana, ɗayan ma musamman bakina ya zo kallo. Na yi niyyar in ci, Allah ya sani, amma hannuna ya ƙi. Ko loma biyun da na saba ban iya ba. Na ga direkta ya kalli Madam ya girgiza kai, ita kuma ta kalli faranti. Da aka tashi shan kofi na ce zan je in duba zomaye.

Abin da ban sani ba, direkta shi ma mai kiwon zomo ne, Musye Rene kuwa ya daɗe yana neman wanda zai gaya masa ciwon da ke ramar da nasa. Ina tsugune, na cika kumatu biyu da burodi, na riƙe karas a hannu, wata ƙatuwar zomanya ta zuro baki ta cikin waya ta kama ɗaya ƙarshen, tana ja ina ja, sai haske ya cika rumfar. Na waiga. Su uku ne a bakin ƙofa.

Na miƙe tsaye da ladabi, don an koya mana in direkta ya shigo a miƙe. Na buɗe baki in gaishe shi, garin burodi ya yi tsalle ya sauka a takalminsa. Da na samu na haɗiye, sai na ji kaina ina cewa, “Ina ɗanɗana musu ne.”

Musye Rene ya kalli buhun, ya kalli zomayensa, ya kalle ni, gashin bakinsa ya fara rawa. Amma Madam ba dariya take ba. Idonta ya cika da hawaye, ta ce a hankali, “Ashe girkina bai kai abincin zomo ba?”

Wannan maganar ce ta karya ni. Na fashe da kuka, da majina da garin burodi da komai, na ce girkinta ya fi duk abin da na taɓa ci, amma a wurinmu ba a tauna gaban babba, kuma ita sau ɗaya tak take tambaya.

Ta ce, “To sau nawa ake tambaya?”

Na ce, “Har sai mutum ya gaji da ƙi.”

Musye Rene ya zauna kan bokiti yana dariya har da tari. Direkta ya cire tabarau ya goge, ya ce ya ga alama ciwon yaro da na zomaye magani ɗaya ne. Madam ta kama hannuna ta kai ni kicin, ta ajiye tukunyar gaba ɗaya a gabana, ta fita ta ja ƙofa. Ban bar komai a tukunyar nan ba.

Ba a maida ni ba. Daga ranar, duk lokacin cin abinci Musye Rene sai ya buɗe jarida ya kare fuskarsa, ya ce daga bayanta, “Ba na nan, ci abinka.” Madam kuma ta daina tambaya, zubawa kawai take, ina cewa na ƙoshi tana ƙarawa. A hankali jaridar ta riƙa sauka, kafin shekara ta ƙare ina tauna ina gardama da shi kamar ɗansa. Da na dawo gida innata ta daɗe tana kallon kumatuna kafin ta yarda ni ne. Madam da Musye Rene dukansu sun daɗe da rasuwa, ina kewarsu, kuma har yau in na tuna na sa matar kirki kuka da sunan ladabi, sai kunya ta rufe ni.

Abin da na koya dai bai da yawa. In kana ƙasar da ba taka ba aka ce ka ƙara, miƙa faranti tun a karon farko, don ba kowa ya san ana tambaya sau biyu ba. In kuma kai ne mai gida, baƙonka ya ce ya ƙoshi, kada ka yi saurin yarda da shi, ka fara leƙa dabbobinka ka ga ko suna ramewa.