Ƙwallo a Aljihun Delbert

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha dariya.

"Ni fa hannuna ba hannu ba ne, tarko ne!" Haka Delbert Stukey yake faɗa kullum a shagon aski, yana tauna taba yana shafa tumbi. "Da a New York aka haife ni, da tuni hotona na rataye a kowane falo."

Ɗan uwa, kar ka biye masa. Delbert mai tsaron zangon farko ne a ƙungiyar besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda a zaga zanguna da gudu, ta wani ƙaramin gari a Ohio ta Amurka, shekarun nan na bayan yaƙin duniya. Ƙwallo ta san ƙirjinsa, ta san goshinsa, da hannunsa ne kawai ba su taɓa gaisawa ba. Shi ya sa 'yan kallo ke kiransa Rariya.

Rannan tsoho Haskell, kocinsu, ya gaji. Ya ce, "Rariya, Lahadin nan ce ta ƙarshe. Ko ka nuna mini wani abu, ko ka koma gonar surukinka tatsar shanu."

"Maigida, sa ido kawai. Za ka ga abin da ba a taɓa gani ba."

Nan kam bai yi ƙarya ba.

Lahadi fili ya cika maƙil. Wasa ya zo ƙarshe ana kunnen doki, ga wani siririn yaro na ƙungiyar baƙin da suka zo karawa da su, Lonnie, tsaye a zangon Delbert yana neman hanyar gida, wato zangon ƙarshe inda ake cin maki. Ka san dai in mai gudu ya ɗaga ƙafa daga zango aka taɓa shi da ƙwallo, ya fita. Sai gogan naka ya taka wurin Emmett, mai jefa ƙwallo na ƙungiyarsu, ƙwallo a hannunsa.

"Yi kamar na ba ka," in ji shi a kunne.

"Delbert, don Allah ka rufa mana asiri."

"Kai dai duƙa ka yi ta ɗaurin takalmi."

Masu wannan dabara a cikin safar hannu suke ɓoye ƙwallo. Delbert ya ce wannan aikin yara ne. Shi a aljihun baya ya cusa ta, aljihun wandon da aka ɗinka masa tun kafin tumbi ya zo. Ya dawo yana fito.

Lonnie ya ga hannu wayam, ya zaci ƙwallo na wurin Emmett, ya matsa daga zango.

"Ka mutu, ɗan tsako!" Delbert ya kai hannu baya. Ya ja. Ya sake ja. Ƙwallo ta ce ba inda za ta.

Yaro ya ga ƙato yana kokawa da ɗuwawunsa, sai ya zuba a guje. Delbert ya rufa masa baya, ya yi tsalle, ya bangaje shi da mazaunai.

"Na taɓa shi! Alƙali, ka gani!"

Alƙalin wasa ya ce, "Da hannu ake taɓawa, malam, ba da kayan zama ba."

Lonnie ya miƙe ya kaɗe ƙura, ya wuce zango na biyu, ya doshi na uku. Haskell na ihu, "Jefo ta gida, jakin banza! Jefo!"

To, ya jefo. Ya kwance bel, ya tuɓe wandon, ya wulwula shi sama, ya sake. Wando ya tashi ƙafafu a buɗe, ya sauka a kan mai sayar da gyaɗa. Lonnie ya shiga gida yana tafiyar ango. Baƙi suka cinye wasa, Delbert na tsaye tsakiyar fili da gajeren wando mai furanni, matar fasto ta rufe wa 'ya'yanta ido.

Da yamma ya je wurin koci, ƙirji a buɗe. "Maigida, amma dai ka ga basira. Tela ne ya cuce mu."

Haskell ya ninke wandon a hankali, ya sa a kabad, ya kulle.

"Kai ka tafi wajen shanu," in ji shi. "Wannan yana nan tare da mu. Duk kakar bana, shi kaɗai na ga ya riƙe ƙwallo."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na baro su.