Ramin Da Na Haƙa a Gidan Yaya Mansur

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga gidan Yaya Mansur ina Injiniya, na fita da taɓo har gwiwa ba. Kuma ba wanda ya tura ni ramin nan, da hannuna na haƙa shi.

Bari in fara da sunan. Shekara goma sha ɗaya na yi a Kano ina gyaran injin jan ruwa da famfon burtsatse, daga Kurna har Hotoro, a can aka laƙaba mini Injiniya (ban taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma wa zai tsaya gyara wa mutane baki?). Da na zo New York sai sana'a ta koma tuƙi, in kwana a Mount Hope, in wuni a layin jiran fasinja na filin jirgin JFK. Komai na baro a gida ban da sunan. Matata Rabi ma ta fi ni riƙe shi, musamman a gaban yayanta Mansur, wanda tun ranar ɗaurin aurenmu yake kallona kamar kayan da ƙanwarsa ta saya ba ta nemi shawara ba.

Shi Yaya Mansur mai harhaɗa magunguna ne. Cikin sanyin bara ya sayi wani tsohon gida a Throggs Neck, da kwamin wanka a bayansa, kwamin da na tabbata ya girme shi. Da zafi ya fara shigowa, 'yarsa ta gama makaranta, aka sa walima ranar Lahadi a bakin kwamin. Ya yaye tamfol ɗin da ke rufe da kwamin, ya tayar da injin tace ruwa, amma ganye da ƙwari suka ƙi barin saman ruwan.

Ga yadda abin yake. A jikin bangon kwamin akwai wani baki daidai saman ruwa, sikima suke ce masa. Aikinsa ya zuƙi ruwan sama, ganye ya tsaya a ɗan kwandon da ke ciki, ruwan ya bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi inji. To nasa yana ja, amma ja irin na majinyaci da aka tilasta wa shan kunu. Ya kira kamfani, suka ce sai bayan kwana goma.

Nan Rabi ta saka ni. "Haba Yaya, kana da Injiniya a gida kake jiran kamfani?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka taɓa gyara irin wannan?"

Amsar gaskiya ita ce ban taɓa ko tsoma ƙafa a irinsa ba. Abin da bakina ya faɗa shi ne, "Yaya, ruwa ai ruwa ne. Na Kano da na Amurka duk gangare suke bi."

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar na iso da jakar kayan aiki. Kuma don a yi mini adalci, na fara da tsari. Na duba ko ruwan ya kai rabin bakin, ya kai. Na buɗe murfin injin, na kwashe dattin kwandonsa, na shafa wa robar murfin giris kada iska ta shiga. Na juya makunnin bututu hagu, na juya dama. Sai na dawo wurin sikima, na ciro kwando na wanke, na zura hannu har ƙasa. Nan na ji wani abu na roba a zaune a bakin bututun, da noti mai kunnuwa biyu a kansa, yana ɗan girgiɗa.

Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar noti mai girgiɗa. Maigidana na Kano ya sha faɗa mana cewa sakakken noti shi ne uban kowace matsala. Na kama shi na murɗa, na murɗa, har sai da ya ƙi motsi. Na miƙe ina jin daɗin kaina.

Daidai lokacin wata tsohuwar Baturiya ta leƙo ta saman shingen maƙwabta, da almakashin yankan fure a hannu. Ta fara ce mini wani abu game da mai gidan na da, da abin da yake yi duk ƙarshen shekara. Ban bari ta kai aya ba. Na ɗaga mata hannu na ce, da Turancina na direba, kada ta damu, Mama, injiniya ne ke aiki. Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan furanninta.

Aka tayar da inji. Ɗan jan da ake samu a da ma ya ɗauke ɗungurum. Na ajiye ganye a bakin sikima, ya tsaya yana kallona.

Mai hankali zai tambayi kansa me ya taɓa na ƙarshe. Ni sai na dafa ƙugu na girgiza kai, irin na likita da ya ga mugun hoto. "Yaya, bututun ƙasa ne. Dama ya tsage, yanzu ya rufta gaba ɗaya. Tsohon gida kenan."

"Ka tabbata? Ba za mu jira kamfanin ba?"

"In ka jira, gobe baƙinka ganye za su kalla."

Rabi ta ƙara gishiri daga bakin ƙofar kicin. "Yaya ka bar shi, shi da kunne ma yake gane ciwon famfo."

Aka samo mini guduma da diga. Na fasa simintin da ke gefen kwamin, siminti mai kyau, wanda ya yi shekara arba'in bai yi wa kowa laifi ba. Na yi ta haƙa. Kafin azahar matan da suka zo taya aikin abinci sun fara taruwa, ana soya kaji ana leƙo ni, har na ji wata 'yar Ghana tana ce wa Rabi ta yi dacen miji mai aikin hannu. Wallahi daɗi ya rufe ni. Na ƙara ɗaga digar sama don a gani da kyau.

A wannan ɗagawar ce na ji ƙwas. Bakin diga ya shige cikin bututun, ɗan ruwan da ke kwance a ciki ya tsiyayo.

Na san ni na fasa shi. Na ga farin sabon tsagin da idona. Amma da na ɗaga kai na ga Yaya Mansur tsaye a bakin rami, sai Shaiɗan ya riga ni magana. "Ka gani ko, Yaya? Ga fashewar da nake faɗa maka."

Karo na farko a shekara tara da na auri ƙanwarsa, mutumin nan ya dube ni da girmamawa. Ya ce, "Lallai Injiniya." Da a nan labarin ya ƙare, da yau ba ku ji shi ba.

Tsohuwar nan ce ta dawo. Ƙarar guduma ta hana ta sakat, ta zagayo ta ƙofa da sandarta. Ta dubi simintin, ta dubi ramin, ta dube ni a ciki. Ta tambayi Yaya Mansur ko mun cire matoshin sanyi.

"Matoshin me?" in ji shi.

Ta yi bayani a hankali, yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya. A garin nan ruwa yana daskarewa a cikin bututu ya fasa shi. Don haka kafin sanyi ake busar da bututun, a toshe bakinsa da roba, in zafi ya dawo a cire. Shekara talatin tana kallon mai gidan na da yana yin haka, abin da ta so gaya mini da safe kenan. (Ni da na taso inda ƙanƙara sai a firij, kuma sai in an kawo wuta, ina zan san ana sa wa bututu hula?)

Ta durƙusa da ƙyar, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu cikin sikima. Ta yi nishi. Ta ce wane ne ya ɗaure wannan abu haka kamar mai gaba da shi? Duk ido ya gangaro cikin rami.

Sai ga shi ta ciro, ɗan matoshin roba baƙi, bai kai kofin shayi ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, matoshin nan shi kaɗai ke tsakanin ruwan kwamin da ɓarakar da na yi. Yana fita, ruwa ya bi bututu ya tarar da ni. Ya fara da takalmi, ya hau ƙwauri, ya dama ƙasar da na haƙa ta zama kunu. Na yi yunƙurin fita, santsi ya mayar da ni na zauna daɓas. Da bakina, a gaban mata goma sha, na roƙi tsohuwa ta taimaka ta mayar da matoshin.

Yaya Mansur ya tsuguna ya daɗe yana kallon bututun. "Wannan tsagin," ya ce a natse, "kamar bakin diga nake gani."

Na ce, "Shi ne, Yaya."

Kunyar da na ji ba ta taɓon ba ce, ta ƙaryar ce. Na nemi Rabi da ido, ta shige kicin ta rufo ƙofa.

Gyaran dai na yi shi, wannan kam hannuna ya sani. Na kwashe ruwan da bokiti, na yanke inda ya fashe, na goge bakunan biyu, na shafa gam na haɗa da sabon guntu, na bar shi ya kama. Kafin magariba aka cire matoshi aka tayar da inji, sikima ya riƙa haɗiye ganye kamar mai buɗa-baki. Ranar walima aka rufe ramin da katako, aka ɗora teburin shinkafa a kai, duk wanda ya zo zuba abinci sai an ba shi tarihin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Yaya Mansur bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya ba ni muƙami. Duk ƙarshen zafi zai kira ni in je in sa matoshi, duk farkon zafi in je in cire, tsohuwa na tsaye a bayan shinge tana duba aikina. Har yanzu Injiniya yake ce mini, sai dai yana ɗan jan sunan fiye da yadda ya kamata.

Darasin da na koya bai da tsawo. In ka zo garin da ba a nan aka yanke cibiyarka ba, kuma tsohuwa ta leƙo ta shinge za ta yi magana, ajiye digar ka bari ta kai aya.